An yi wa tsohon mijina canjin wurin aiki zuwa Diffa, yana son tafiya da yara

Wata baiwar Allah daga unguwar Birni a Damagaram (Zinder) ta rubuto mini. Aurenta da wani soja ya mutu shekara biyu da suka wuce, yara biyu suna hannunta, namiji ɗan shekara 8 da mace 'yar shekara 5. Yanzu an tura uban Diffa, ya ce da su zai tafi.

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki tukuna. Takardar canjin wurin aiki ba hukuncin kotu ba ce, kakin soja kuma ba ya ƙara wa uba hakki a kan riƙon yara.

A Nijar ba mu da kundin dokar iyali guda ɗaya. Dokar tsarin kotuna ta 2018, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta bar maganar aure da saki ga al'adar masu shari'ar, alƙali yana zama tare da mashawarta masana al'ada. A nan Damagaram al'adar tana tafiya ne da fiƙihun Malikiyya. Za ki ji ana cewa yaro in ya kai shekara bakwai na uba ne. Ana yin haka, amma a mazhabar riƙon namiji na uwa ne har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, matuƙar uwar ba ta auri bare ba.

Ga inda zai kama ki, gara ki sani tun yanzu. Malaman Malikiyya sun ce idan uba zai ƙaura tazarar baridi shida, wato sama da kilomita 120, yana iya ɗaukar ɗansa. Diffa ta fi kilomita 400 daga nan. Sai dai sun gindaya sharuɗɗa: tafiyar ta zama ta zama dindindin, hanya da garin kuma su kasance da aminci. Soja fa? Bana yana Diffa, baɗi ana iya cewa Agadas ko Tillaberi. In an fita da shi daji makonni, wa zai kwana da yaran a bariki? Wa zai kai su lakwal? A ganina nan ce hujjarki mafi ƙarfi, kuma alƙali yana duba maslahar yaro kafin son ran iyaye.

Amma ina roƙonki kada ki mayar da yaran makami. Uban da ke bakin daga yana bukatar jin muryar 'ya'yansa, su ma haka. Ki zo da tayi a hannu: su ci gaba da karatu a nan, babban hutu daga Yuli zuwa Satumba su yi wani ɓangare wajensa ko gidan kakanninsu na wajen uba idan wurin aikin bai dace da yara ba, salla ɗaya nan ɗaya can, kiran waya a ranakun da aka tsayar. A faɗi wanda zai biya kuɗin mota da wanda zai raka su. Ci da sha, sutura, magani da kuɗin makaranta suna wuyansa ko ina yake. A yanka jaka nawa ne a wata, ya riƙa turowa, ki adana kowace takardar shaidar karɓa.

Ki fara da sulhu, wajen dattawan gida, mai unguwa ko fadar Sarkin Damagaram, amma a rubuta abin da aka amince a sa hannu, a kai kotu ta tabbatar. Maganar baki ba ta kai Gure, a hanyar Diffa, za ta canja. In ya ƙi, ki shigar da ƙara a kotun Zinder kafin ya tashi, ki nemi a tabbatar miki da riƙo a kuma yanke kuɗin ciyarwa. Idan ya daina biya bayan hukunci, ana iya neman a cire daga albashinsa.

Ranar zuwa ki riƙe takardar saki, takardun haihuwar yaran da shaidar makarantarsu. Kada kuma ki ba da su "hutu" kafin a rubuta ranar dawowa.