Tambaya da Amsa: Me Za Mu Saya Don Koyar da Tarihi, Zane da Kiɗa a Gida?

Tambaya: Mu Kirista ne, ni da maigidana muna koyar da 'ya'yanmu uku a gida, masu shekara goma, bakwai da biyar. Mun ga ana sayar da manhajar shekara guda a kwali, kowane aji da littattafansa na tarihi da zane da kiɗa. Mu sayi uku ne, ko akwai wata hanya?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ku sayi uku. A lissafi da koyon karatu dole kowane yaro ya bi matakinsa, amma waɗannan darussan ana yin su a kan tebur ɗaya, bambancin kawai shi ne abin da za a nema daga kowa idan an kammala: auta ya maimaita labarin da baki, na tsakiya ya zana shi, babba ya rubuta shafi guda. Charlotte Mason, malamar nan 'yar Ingila da ta rasu a 1923, wadda iyalai da yawa ke bin tsarinta har yau, ta ce kada darasin ƙananan yara ya wuce minti 20, kuma a karanta sau ɗaya tak, domin yaron da ya san ba za a sake ba ya fi kasa kunne. Saboda haka bayan sujadar safe da lissafi, rabin awa ta ishe ku, kuna juya darussan cikin mako.

A tarihi, littafi ɗaya mai ba da labari da daɗi, da littafin taswira, da doguwar takarda da za a liƙa a bango sun wadatar. A kan takardar ku ja layin shekaru, ku sa abubuwan Littafi Mai Tsarki da na sauran duniya a wuri guda, yaro ya ga cewa Sairus da ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu shi ne wanda babi na farko na littafin Ezra ya ce ya ba Yahudawa izinin komawa Urushalima. Daga nan sai taron shugabannin ikkilisiya na Nikiya a 325 bayan haihuwar Almasihu, da Littafi Mai Tsarki da Gutenberg ya buga wajen 1455, da Martin Luther, wanda ya fara yunƙurin gyaran ikkilisiya a 1517. Amma kafin ki biya kuɗin kowane littafi da aka rubuta "na Kirista" a bangonsa, buɗe babin cinikin bayi ki karanta. Idan marubucin ya rufa wa Kiristocin da suka yi wannan aika-aika asiri, ajiye shi, tun da Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye laifin Dawuda a kan matar Uriya ba. Ki duba kuma ko ya san da ikkilisiyar Afirka, wato Agustin, babban malamin ikkilisiya da aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, da masarautar Aksum ta yankin Habasha da ta karɓi Kiristanci a ƙarni na 4, domin yawancin manhajojin nan a Amurka ake tsara su, kuma tarihin can ne ke cinye shafukan.

Zane shi ne mafi sauƙin kuɗi. Ku ɗauki mai zane ɗaya a zango, da hotuna shida na aikinsa. A ajiye wa yara hoton su ƙura masa ido 'yan mintuna, sannan a kifa shi, kowa ya faɗi abin da ya gani. Ku gwada da zanen Rembrandt na dawowar ɓataccen ɗa bayan kun karanta Luka 15, za ki ji ɗaya ya ce takalmi ya zame daga ƙafar ɗan da ke durƙushe, wani kuma ya lura da mutumin da ke tsaye a gefe ya harɗe hannuwa. Gidajen adana kayan tarihi irin su Metropolitan na New York da Rijksmuseum na Amsterdam suna barin a sauke dubban hotuna kyauta a intanet, sai dai ki riga yaran dubawa, don tsiraici ya yi yawa a zanen Turai. Kuɗin da ya rage ki zuba shi a takarda mai kauri, wadda ba ta yamutsewa idan fentin ruwa ya taɓa ta. Launuka kaɗan masu kyau sun fi akwati cike da na banza.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara takwas yana son kiɗa, ni kuwa ban iya ba. In saya masa fiyano ko kibod?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da kibod mai maɓalli 61, amma ka tabbata sautinsa yana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon ƙarfin yatsa, in ba haka ba yaron zai saba da duka maimakon kaɗawa. Cikakken fiyano maɓalli 88 gare shi, yana da nauyi, yana kuma buƙatar mai gyaran sauti lokaci-lokaci, don haka a jira har yaron ya nuna naci na shekara ɗaya ko biyu. A ganina kuɗin malamin da zai zauna da shi sau ɗaya a mako, ya gyara masa zama da riƙon yatsu, ya fi kayan kiɗa mai tsada amfani.

Rashin iyawarka ba zai hana ka komai ba a ɓangaren sauraro. Ku riƙa koyon waƙar yabo ɗaya a wata har kowa ya haddace baitocinta, ku kuma zaɓi mawallafin kiɗa ɗaya a zango. Bach, wanda ya shugabanci kiɗan coci a birnin Leipzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750, ya dace da farawa, sai Handel da doguwar waƙarsa mai suna Messiah da aka fara rerawa a Dublin a 1742, wanda kalmominsa duka daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko su, yaron zai iya buɗe Ishaya 9 ko 53 yana bi da yatsa.