Sharhin kiɗan rok tare da littafin zanensa: ta ina za a fara?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za ka haɗa sharhin kundin waƙoƙin rok mai sarƙaƙiya da na jerin littattafan labari mai zane a rubutu ɗaya, kuma ka ce ƙungiyar makaɗan rok ta Coheed and Cambria kake son farawa da su. Shawarata ita ce ka auna kowanne shi kaɗai tukuna, kafin ka nemi inda suka haɗu.

Fara da sanin wanne ya riga wanne. Claudio Sanchez, mawaƙin ƙungiyar, shi ne ya ƙirƙiri The Amory Wars, labarin da kundayen waƙoƙinsu da littattafan zanen suke bayarwa. Kundin In Keeping Secrets of Silent Earth: 3 ya fito a 2003, amma littattafan zanensa, fitowa 12 daga kamfanin Boom! Studios, sai a 2010 suka fara fita. Shekara bakwai ke nan tsakani. Don haka idan ka zauna kana neman kowane baiti a wani shafi, za ka sha wahalar banza, har ka ɗora wa mai zane laifin da ba nasa ba. Tsarin labarin ma ba ya bin shekarun fitowa: kundin Year of the Black Rainbow na 2010 ne, alhali abin da ke cikinsa ya faru kafin na kundinsu na farko, na 2002.

Sauraro sau uku ne. Na farko, rufe littafin, kada ma ka duba rubutattun baitoci. Riƙe biro kana rubuta minti da daƙiƙa duk inda wani abu ya sauya: nan gita ya yi kaushi, nan ganguna suka ja baya, nan murya ta hau. Na biyu na ƙirga ne. Buga yatsa a tebur kana ƙirga huɗu-huɗu. Idan ka ji ƙirgarka tana zamewa a wuri ɗaya kullum, ba kuskuren makaɗi ba ne, wataƙila awon bugu bakwai ko biyar aka shiga. Nan ne sabbin masu sharhi suke faɗuwa, su rubuta cewa kiɗan ya rikice, bayan kuwa da gangan aka gina shi haka. Sai a na uku ka buɗe littafin.

Abin da kake ji da shi ma yana da tasiri. Ƙaramar sifika ta Bluetooth mai baki ɗaya tana haɗe gitan hagu da na dama su zama dunƙule guda, kuma fayil ɗin MP3 mai ƙarancin inganci, kamar na 128 kbps, yana dagula ƙarar kuge. Sa hedifon mai rufe kunne.

Kada ka yi ƙoƙarin karatu daidai da tafiyar kiɗa. Fitowa ɗaya shafi ashirin da 'yan kai ce, cikin kwata ɗin awa ka gama ta, kundin kuwa ya haura awa ɗaya. Zaɓi wuri biyu ko uku kawai da waƙa da zane suka taɓa abu guda, ka dube su da kyau. Ina aka ba wa zane ɗaya shafi sukutum? Shin a waƙar ma nan ne kiɗan ya buɗe? Idan mai launi ya juya daga shuɗi zuwa ja, me gita yake yi a wannan gaɓar? Ambaci mai zane da mai launi da sunansu, aikinsu ne kake aunawa, ba na mawaƙi ba.

Abin da ya fi damuna a irin wannan sharhi shi ne a wanke waƙa mai rauni da cewa sai ka karanta littafin za ka gane ta. In ba ta tsaya da ƙafarta ba, faɗi haka. Haka ma shafin da ba a fahimtarsa sai da baiti.

Wajen wallafawa, gargaɗi mai karatu tun a layin farko idan za ka tona ƙarshen labari. Ɗauki gidan zane, wato ƙananan akwatunan hoto da ke cikin shafi, biyu ko uku, ba shafuka cikakku ba, kuma maimakon ɗora sautin, wanda Facebook da YouTube kan toshe saboda haƙƙin mallaka, rubuta sunan waƙar da mintin da za a saurara.