Filin Shari'a: Shaidar abokin laifi kaɗai za ta iya kai mutum ga rataya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Makonni uku da suka wuce Babbar Kotun jiharmu ta yanke wa ƙanena hukuncin kisa ta hanyar rataya, bisa tuhumar cewa da shi aka kashe wani ɗan acaɓa. Ba a sami babur ɗin a hannunsa ba, babu kuma wanda ya gan shi a wurin, sai wani matashi da ya amsa cewa da shi aka yi, aka janye tuhumar da ake masa, ya koma yana ba da shaida ga ɓangaren gwamnati. Shin akwai sauran hanya? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo mafita. Hanya tana nan, amma lokaci ba ya jira, domin doka ta ba da kwana 90 ne daga ranar hukunci a shigar da takardar ɗaukaka ƙara, kuma a rajistarar kotun da ta yanke hukuncin ake shigar da ita. Sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba duk wanda aka yanke wa kisa wannan haƙƙi ba tare da neman izini ba. Muddin ƙarar tana gaban kotu ba za a zartar da hukuncin ba, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1986 kan batun Nasiru Bello, wanda gwamnatin Oyo ta kashe alhali ƙararsa ba ta ƙare ba.

Sai dai kada in yi miki romon baka. Sashe na 198 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince abokin laifi ya ba da shaida, hukunci kuma ba ya rushewa don kawai a kanta ya dogara. Sharaɗin shi ne, idan babu wata hujja mai zaman kanta da ta danganta wanda ake tuhuma da laifin, wajibi ne alƙali ya gargaɗi kansa cewa akwai haɗari a hukunta mutum da irin wannan shaida, tunda wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Saboda haka abin da lauyanku zai fara dubawa a kwafin hukuncin shi ne ko alƙalin ya ɗauki matashin a matsayin abokin laifi, ko kuma ya yi wannan gargaɗi. Takardar likita da ta nuna musabbabin mutuwar mamacin tana tabbatar da cewa an yi kisa, amma ba ta nuna cewa ƙanenki ne ya yi ba, kuma a nan ne alƙalai kan yi tuntuɓe.

Masu karatu da yawa za su tuna shari'ar Manjo Hamza Al-Mustapha, wanda Babbar Kotun Legas ta yanke wa kisa a Janairun 2012 kan kisan Kudirat Abiola, matar marigayi MKO Abiola. Manyan masu shaidar gwamnati biyu, Saja Rogers da Katako, sun ce da su aka yi aikin, daga baya suka janye maganarsu a gaban kotu, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi a Yulin 2013 saboda shaidar tasu tana karo da juna.

Ki sani cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta cika sake kiran masu shaida ba, abin da ke rubuce a kundin shari'ar take karantawa. Don haka lauya ya kwatanta bayanin farko da matashin ya yi wa 'yan sanda da abin da ya faɗa a kotu, ya kuma duba ko ya ambaci alkawarin da aka yi masa kafin a janye tuhumarsa. Idan kuɗin lauya ya gagara, ki je ofishin Legal Aid Council (hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa ƙarfi da lauya) da ke Kaduna cikin wannan makon, ki riƙe lambar shari'ar da ranar da aka yanke hukuncin.