Tsoron kwaminisanci ne ya kai Amurka Kwango

Malam, ka tambaya ko tsoron kwaminisanci ne ya sa Amurka tsoma baki a ƙasashen nesa. Shi ne babban dalili. Tun 1947 Shugaban Amurka Truman ya sha alwashin daƙile yaɗuwarsa.

Dubi Kwango (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yau), wadda labarinta ke ci mini rai. Da lardin Katanga mai arzikin jan ƙarfe ya ɓalle a 1960, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙi murƙushe 'yan awaren, sai Firayim Ministan ƙasar, Lumumba, ya juya ga Tarayyar Soviet, jagorar ƙasashen kwaminisanci, ta aiko masa da jiragen sama da manyan motoci. Nan Amurka ta sa shi a gaba. A Janairun 1961 aka harbe shi a Katanga, da hannun jami'an Beljiyam, ƙasar da ta yi wa Kwango mulkin mallaka. Mobutu, shugaban sojojin ƙasar kuma ɗan lelen Amurka, ya ƙwace mulki a 1965, ya yi ta wawurar dukiyar ƙasar har 1997.