Amsa ga ƙanenmu mai ɗaukar hoton biki, kan disk dur da manhajar ajiya

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanena mai ɗaukar hoton biki, na ji muryarka tun da hantsi, aiki ne ya sha kaina. Ga waɗanda ba su saurara ba, cewa ya yi kwamfutarsa ta cika maƙil da bidiyon amare, yana da jikka 60 a hannu, yana neman a gaya mishi wane disk dur (na'urar ajiyar fayil da ake jona wa kwamfuta) zai saya da kuma manhajar da za ta riƙa ajiye mishi kwafi. Ya ƙara da cewa so yake ya kwashe komai ya zuba a disk ɗin, ya goge na cikin kwamfuta ya samu wuri.

To a nan zan fara tsayar da kai. In ka kwashe ka zuba a disk, ka goge na kwamfuta, ƙaura kawai ka yi wa kayanka. Jiya kwafi ɗaya gare ka, yau ma kwafi ɗaya gare ka, sai dai yanzu yana cikin abin da kake sa wa a jaka kana hawa babur da shi. Kuma kai ka fi ni sanin sana'arka, biki ba a sake shi. Ranar da uwar amarya ta zo karɓar bidiyo ka ce mata disk ya mutu, ba wani bayanin fasaha da za ta saurara. Saboda haka duk aikin da ba ka damƙa wa masu shi ba, ya zauna a wuri biyu aƙalla. In kuɗinka zai sayi na 2 TB guda ɗaya ko na 1 TB guda biyu, ni dai biyun zan ɗauka. In bai kai ba, sayi ɗaya yanzu, ka samu wuri a kwamfuta ta hanyar goge fina-finai da tarkacen da ba na kowa ba, aikin mutane kuwa ka bar shi nan har na biyun ya samu.

Girman kuma ka lissafa da kanka. Kamara mai ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin wajen 45 GB a awa guda. Ka duba awa nawa kake ɗauka a biki ɗaya, daga kamu zuwa kai amarya, sai ka ga inda 1 TB zai kai ka. In ka jona sabon 1 TB ka ga Windows ta nuna 931 GB, kar ka koma ka yi faɗa da mai shago, haka yake, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da kwamfuta.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai faifai a ciki yana juyawa, galibi sau 5400 a minti, da allura tana bi ta kansa. Shi ya fi araha in ana maganar wuri mai yawa, amma ba ya son faɗuwa, musamman yana cikin aiki. Sai SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, yana da sauri, yana jure girgizar hanya, amma tsada gare shi, kuma in zai mutu sau da yawa ba ya sallama. Ga kuɗinka, mai faifan za ka saya. Ka nemi ƙaramin nan na inci 2.5 mai shan wuta daga kebul ɗin USB. Babban na inci 3.5 sai an jona shi a bango, kuma kun san halin wutarmu a Damagaram, musamman in zafi ya kama. A ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, an jawo magana. Ƙaramin kuwa batirin portabul ɗinka, wato kwamfutarka ta hannu, zai riƙe shi har ya gama.

Sunan kamfani ba ya buƙatar dogon tunani. Masu ƙera mai faifai uku ne suka rage a duniya: Seagate, Western Digital mai alamar WD, da Toshiba. Duk wani suna da ka gani a jikin kwanso, faifan ɗaya daga cikin ukun nan ne a ciki, in dai na gaskiya ne.

Yauwa, in dai na gaskiya ne. Nan ne gizo ke saƙa. Ko a Kasuwar Dole za ka saya, ko wani zai taho maka da shi daga Kano, abu biyu ake yi wa mutane. Na farko, a ciro tsohon disk daga portabul da ya gama aiki a Turai, a sa shi a sabon kwanso mai sheƙi, a sayar a kuɗin sabo. Maganinsa wata ƙaramar manhaja kyauta, CrystalDiskInfo. Ka je da ita a kle ɗinka, ɗan ƙaramin abin ajiyar nan na USB, ka jona disk ɗin a gaban mai shago. Za ta nuna maka awa nawa ya taɓa yi a kunne da kuma lafiyarsa. Sabo bai kamata ya nuna awa dubbai ba, in kuma ka ga launin rawaya a wurin lafiya, ajiye mishi abinsa. Na biyun ya fi muni. An taɓa kawo mini wani a shago, an rubuta 2 TB a jiki, mai shi yana kukan bidiyonsa ba sa buɗewa. Da na ɓalle kwanson, ɗan guntun kle na tarar an manne da gam, sai noti biyu na ƙarfe a gefe don ya yi nauyi a hannu. An yi wa abin dabara yana gaya wa kwamfuta ƙarya game da girmansa. Kana zubawa yana karɓa, sunayen fayil suna nan reras, amma sabon yana taka tsohon. Irin wannan H2testw ke kama shi: tana cika disk ɗin gaba ɗaya da bayanai sannan ta karanto su. Tana ɗaukar lokaci, 1 TB zai ci awa 5 zuwa 6 a ramin USB 3, shuɗin nan, a tsohon rami kuwa sai ya kwana ya wuni. Don haka ku yi magana da mai shago tun kafin ka biya, cewa in gwaji ya nuna matsala za ka maido, kuma ya rubuta maka takarda da lambar da ke bayan disk ɗin. Wanda ya ƙi yarda da gwaji, ka gane.



Zafi da ƙura kuma. Yawancin waɗannan ƙananan an ƙera su su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ko 40 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. Kar ka bar shi a mota ko a aljihun babur, kar ka ɗora shi a kan katifa yana aiki. Babban kwafi ka yi shi da dare ko da asuba. Kuma ka riƙa danna Éjecter, wato umarnin cire disk lafiya, kafin ka zare kebul. In wata rana ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas a ciki, cire shi nan take, kar ka yi ta jonawa kana gwadawa, kar kuma ka bari wani ya buɗe faifan da sukudireba.

Sai tsarin da ake yi wa disk format da shi: in Windows kaɗai kake amfani da ita, bar shi a NTFS. In kana kai aiki wurin mai Mac, to exFAT. FAT32 dai kauce mata, ba ta karɓar fayil da ya wuce 4 GB, bidiyonka kuwa ya wuce nan.

Sai manhaja. Kar ka kashe ko dala a nan, kuma don Allah kar ka sa wadda aka fasa, irin da ake zuba wa mutane a kle, da ita ƙwayar cuta ke shigowa. Windows tana da nata tun daga Windows 8, Historique des fichiers. Kana kunna ta, ka nuna mata disk, duk awa tana ɗaukar abin da ya canza, tana kuma riƙe tsofaffin kwafi. Ta dace da mai takardu, irin su ɗalibanmu na jami'a masu rubuta memwar, wato kundin kammala karatu. Amma tana kallon Documents da Images da Bureau da makamantansu ne, in aikinka yana ɓangaren D: na kwamfuta ba za ta gan shi ba sai ka ƙara mata da hannu. Masu Mac suna da Time Machine, ta ishe su.

Kai da ke da manyan bidiyo, FreeFileSync nake ba ka shawara. Kyauta ce, ba ta buƙatar intanet in tana aiki. Hagu ka sa jakar fayil ta aikinka a kwamfuta, dama ka sa disk, ta kwatanta, ta kwafi abin da ya ƙaru kawai. Abin da ya sa nake son ta, fayil ɗinka suna zama yadda suke, ko a kwamfutar wa ka jona za ka buɗe. Sai dai ka kula da zaɓin Miroir: abin da ka goge a hagu, za ta goge shi a dama. Ka shiga saiti ka ce mata abin da za ta goge ta tura shi wata jaka daban ta ajiye. Kuma kullum ka karanta jerin da ta nuna kafin ka danna, in ka ga za ta goge fayil 300 alhali ba ka taɓa komai ba, tsaya.

In ta gama, zare disk ɗin. Wanda ke jone dare da rana, duk abin da ya sami kwamfuta ya same shi, ko ƙwayar nan mai ɓoye jakunkunan fayil ta bar rakursi (gajeriyar hanya) a gurbinsu, ko mai kulle fayil ta nemi kuɗin fansa. Disk ɗin ajiya ba ya zuwa sibar, shagon intanet na haya, ba ya zuwa wurin wankin hoto, ba a ba da aronsa don a zuba fim. Kle ake aikawa. Na biyun kuma kar ya kwana ɗaki ɗaya da kwamfuta: in shagonka yana Zango, shi ya zauna gida a Birni, ka riƙa musanya su duk Juma'a.

Wani zai ce ai ga Google Drive. Kyautarsa 15 GB ce, kuma da Gmail da hotunan waya da kwafin WhatsApp na masu Android duk a ciki suke ci. Ga tsadar haɗin intanet. Ya yi wa takardu da zaɓaɓɓun hotuna, bidiyon biki kam a'a.

Abu na ƙarshe, duk wata ka jona disk ɗin a wata kwamfutar, ka zaɓi bidiyo biyu ko uku, tsoho da sabo, ka kunna, ka ja su zuwa tsakiya da ƙarshe ka tabbatar suna tafiya. In ka sayo, biyo da shi shago bayan la'asar mu sa mishi gwajin nan, ka taho da portabul ɗin da cajarsa.  Wassalam.