Amsa: Na canza kafasita, yanzu bod ya daina tashi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kwamfutarka ta tebur tana yawan sandarewa, ka buɗe ka tarar da kafasita tara sun kumbura a kan bod ɗin Asus mai soket 775, shida na 6.3V a gefen firosesa da uku na 16V. Ka canza su, yanzu kuma da ka danna maɓalli fanka ta ɗan juya ta tsaya, allo baƙi ƙirin.

Kafin komai, don Allah daina kunna ta. Fankar da ta juya ta tsaya, galibi fawa fak ne ya ji shot ya yanke wuta don kare kansa, kuma duk kunnawar da ka ƙara kana iya ƙona MOSFET, wato tiransiston da ke sarrafa wuta a kan bod, wanda har yanzu lafiyarsa ƙalau. Tunda bod ɗin yana tashi kafin ka taɓa shi, matsalar tana inda ƙarfen dalmarka ya bi. Can za ka nema.

Sunan Asus da ka ambata ne ya fi jan hankalina. A yawancin bod, da'irar da aka zana a gurbin kafasita, rabin da aka shafa wa fari shi ne wajen nagetif. A bod ɗin Asus abin a juye yake, farin ne fosetif. Wanda ya saba da sauran bod, hannunsa da kansa zai juya su duka. Kar ka dogara da zanen, mita za ta gaya maka gaskiya. Cire wuta, cire firosesa, sa mita a wajen ƙara, ɗora baƙar waya a zoben ƙarfen ramin sukuru, ka riƙa taɓa ƙafafun kafasita ta bayan bod da jar. Ƙafar da ta yi ƙara ba yankewa ita ce ta ƙasa, wato nagetif, kuma dole ta zama ita ce a gefen layin da ke jikin kafasita. Ɗan ƙara na daƙiƙa ɗaya a ɗaya ƙafar ba komai ba ne, caji yake ɗauka. Na ce ka cire firosesa ne domin in yana ciki layinsa yana nuna om kaɗan ƙwarai, sai ka ɗauka shot ne alhali ba shi ba ne. Kafasita na gefen firosesa, da wutar da ke bi ta kansu galibi ba ta wuce 1.4V, suna iya daurewa a juye na ɗan lokaci, amma na layin 12V nan take suke zafi. Duk wanda ka samu a juye kuma ya sha wuta, jefar da shi, ko da bai kumbura ba.

In duka ƙafafun biyu suna ƙara, shot ne. Wanke bayan bod da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ka duba da madubin ƙara girma a cikin hasken rana. Za ka iya ganin ɗigon dalma da bai kai ƙwayar gero ba ya haɗa ƙafa da farantin da ke kewaye da ita, ko ƙafar da ba a datse ba ta lanƙwashe. Duba kuma 'yan ƙananan kayan da ke kusa, bakin ƙarfe yana ture ɗaya mutum bai sani ba. In wajen tsaf yake amma ƙarar tana nan, auna MOSFET ɗin, wataƙila ɗaya ya riga ya tafi.

Abin da na fi jin tsoro shi ne yadda ka fitar da tsofaffin. Bod ba faranti ɗaya ba ne, hawa huɗu ne ko shida na tagulla a manne, kuma kowane rami yana da ɗan siririn bututun tagulla da ke haɗa hawan ciki da na waje. Farantin ƙasa yana shanye zafi, ga dalma marar guba da ake sawa tun wajen 2006 sai ta kai maki 217 take narkewa, ta da kuwa 183. Mai ƙarfen wat 30 zai ga ta ƙi narkewa, ya fizgi kafasita, bututun ya biyo ƙafar. In tsofaffin suna nan, duba ƙafafunsu: ka ga wani ɗan zobe ja a maƙale, to ramin ya tsage. Ka kuma auna, ƙafafun fosetif na shidan nan dole su yi ƙara tsakaninsu da kuma ƙafar kwayil ɗin da ke kusa. Wadda ta ware, haɗa ta da maƙwabciyarta da gajeriyar waya mai kauri. Wani lokaci hakan yana ceto bod, wani lokaci tsagewar ta yi nisa a ciki. Gaba, nemi ƙarfen wat 60, ka fara ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar kafin ka ja.

Ba ka faɗi irin waɗanda ka saya ba. Lambar µF da V kaɗai ba ta isa. Wajen firosesa sai mai ƙarancin ESR, wato turjiyar da ke cikin kafasitan kansa, mai jure maki 105, irin Panasonic FR ko Rubycon ZLH. Na rediyo mai maki 85 zai iya tayar da bod ya ci gaba da sandarewa. Jabu kuma sun cika kasuwa, don haka ni na fi yarda da wanda na auna da kaina.

Gwada fawa fak ɗin ma shi kaɗai, domin sau da yawa shi ke kashe kafasita tun farko. Haɗa koriyar waya da baƙa don ya tashi, ka auna da mita: wayar ruwan ɗorawa ta ba ka tsakanin 11.4V da 12.6V, ja 4.75 zuwa 5.25, shunayya 5V tun kafin ka haɗa.

In duk sun yi daidai, ɗora bod a kan kwali a wajen akwati, firosesa da fanka kawai, ka tabbata filogin 12V mai ƙafa huɗu ya shiga. Cire batirin CR2032 na minti biyu ka mayar, sa ƙaramar sifika, ka kunna ba RAM. In ta yi ƙara, firosesa yana samun wuta, sai ka sa RAM ɗaya. Turo mana hoton gaba da bayan wajen da ka yi aikin, da abin da mita ta nuna a layin 12V, mu duba tare. Allah ya sa a dace.