Tambaya da Amsa: Wa Dokar Hayaƙi Za Ta Fara Kamawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai walda ne, kuma saboda ƙarancin wuta kusan duk aikina da janareta nake yi. Ina jin ana cewa 'yan majalisa na son kafa dokar hana hayaƙin injuna da ababen hawa. Shin da gaske ne, kuma ina makomar irinmu?
Daga wani mai karatu, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. Maganar tana da tushe, domin a watan Maris na 2020 Sanata Bima Enagi daga Jihar Neja ya gabatar wa Majalisar Dattawa ƙudirin haramta shigo da janareta da sayar da shi da amfani da shi, tare da ɗaurin shekara 10 ga mai shigowa ko sayarwa, in ban da wurare irin su asibitoci da filayen jirgin sama. Ƙudirin bai zama doka ba, kuma a ganina bai cancanci zama ba, domin wanda ya hana mutum janareta bai ba shi wuta ba, abincinsa ya hana shi.

Amma kada wannan ya sa mu raina matsalar. Duk wanda ya tsaya a bakin babbar kasuwar Gombe da yamma, lokacin da Keke Napep da babura suka cunkushe, manyan motoci kuma suna tuttuɗo baƙin hayaƙi daga salansa, ya san yadda maƙogwaro ke ƙaiƙayi ido na yaji. A cikin hayaƙin nan akwai ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, waɗanda ke ratsa huhu su shiga jini, suna tayar da asma, suna kuma taimaka wa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In hunturu ya zo, hazo ya haɗu da su, yara da tsofaffi ne suka fi jin jiki.

Inda ya kamata doka ta fara sa ƙarfinta shi ne kan man da ake sayar mana. Akwai sinadarin farar wuta a cikin fetur da dizal, kuma yawansa na ƙara munin hayaƙin. A Turai ba a yarda ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali an daɗe ana shigo mana da dizal mai kashi dubbai. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan, sannan dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa NMDPRA, hukumar da ke kula da harkar tace mai da rarraba shi, alhakin sa ido kan ingancin mai. Kai da ka sayi lita goma a gidan mai, ko galan ɗaya a hannun 'yan bumburutu, ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki. Mai matata da mai shigowa da mai depo su ne suka sani, kuma ba su da yawan da za su gagari bincike. Haka aka raba fetur da dalma, har ƙasar Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021: daga sama aka gyara, ba direbobi aka bi ɗaya bayan ɗaya ba.

Kafin nan, Malam, ka riƙa canza baƙin mai a kan kari, ka sa bakanike ya duba injin idan hayaƙinsa ya yi duhu, kuma kada ka taɓa kunna shi a cikin shago ko zaure a rufe, domin yana fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum cikin barci.

Tambaya: Tashoshin wutar lantarki fa, su ma dokar ta shafe su?
Daga wata ɗaliba, Dadin Kowa.

Amsa: Akwai dokokin da suka shafe su, 'yata. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, wato NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hayaƙin masana'antu, ga kuma dokar sauyin yanayi ta 2021. Yawancin wutar ƙasar nan daga iskar gas take, sauran daga ruwa, kamar tashar garinku mai megawat 40 wadda ba ta ƙona komai. Wanda ya fi bukatar sa ido a jiharmu shi ne kwal, irin wanda ake haƙa a Maiganga, domin ya fi gas hayaƙi da toka nesa ba kusa ba. Tun da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu, ya dace majalisar jiha ta wajabta auna hayaƙin kowace tashar da za a gina, a kuma riƙa bayyana wa mutanen yankin sakamakon.